Randuna Goma na Emama Bizunesh

Dejen, 12 ga Meskerem

Etiye Tiruwark,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jikinki, yaya aiki, yaya mutanen gidan da kike yi wa aiki a can Beirut? Mu nan lafiya lau muke, godiya ga Allah da Maryamu. Ƙanenki Asmamaw yana gaishe ki. Har yanzu yana kan kekensa na ɗinki, har yanzu kuma bai ɗinka mini rigar da ya yi mini alkawari tun kafin ki tafi ba. Duk garin nan ya yi wa sutura, ban da matarsa. Damina ta ɗauke, gona ta yi kyau. Emama lafiyarta ƙalau, in ban da gwiwar nan da kika sani.

Etiye, magana ce ke tafe da ni, kuma na daɗe ina juya ta kafin in ɗauki biro.

Kin san watan Tir ne tukunyar ƙungiyar Maryamu, mai zagaya gidaje wata-wata, take zuwa gidanmu, Emama ta yi wa 'yan ƙungiya giyar tella da burodi. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba ta taɓa tsallake mu ba. To bana abin ya girma. An gama rufin coci, ranar za a buɗe shi, mutanen ƙauyuka uku za su sauko, kuma daga coci gidanmu za a zarce. Da randa uku muke yi. Uwargida Alganesh, shugabar ƙungiya, ta ce bana sai goma.

Ga inda matsalar take. Giyar Emama ta canza. Ba tsami take yi ba, ɗaci ne, irin wanda yake kama maƙoshi ya ƙi saki. Tun ta bara abin ya fara. Abba, limamin coci, ya kurɓa sau ɗaya, ya runtse ido, ya sa albarka, bai ƙara ba. Abba fa, wanda sai an ɓoye masa buta! Da aka watse na zagaya bayan danga na tarar da ƙasa jiƙe sharkaf, nan mutane suka riƙa juye kofunansu. Na debi ƙasa na rufe kafin ta gani. Ta Ista ma haka ta fito, ta sabuwar shekara kuwa ta fi su duka.

Ranar Talata Uwargida Alganesh ta ja ni gefe a wurin injin niƙa. Ta ce, "'Yata, ba wanda ya kai uwarku hannu a garin nan, amma tsufa ya taɓa mata harshe. In ta bana ta fito irin ta bara, a gaban baƙi, sai dai mu sauke mata nauyin mu ba wani gida watan Tir." Na ɗauki garina na taho ina share hawaye. Kin fi ni sanin abin da watan nan yake a wurin Emama. In aka karɓe shi ban san da me za ta riƙa tashi da safe ba.

Ke kika koya a hannunta. Ni uwata ba ta yi, kin sani. Don Allah ki rubuto mini awon randa ɗaya, tsiron sha'ir nawa, gurasa nawa, ganyen gesho nawa, da yadda ake kai shi goma. Sai in yi a ɗakin baya, in lallaɓa ta ta huta, ita dai ta sa albarka.

Takardarki da kika ce kina tafe kafin Kirsimeti, sau uku Emama ta sa na karanta mata.

Matar ƙanenki,
Wubalem

*

Beirut, 8 ga Tikimt

Wubalem,

Na samu takardarki. Ina lafiya. Ki gaishe da Asmamaw da yara, ki sumbaci gwiwar Emama a madadina.

Sau biyu na karanta abin da kika rubuta, don na farko ban yarda da idona ba. Shekara tara kina cin abincin matar nan, kina shan abin da ta haɗa, sai yanzu da na ba da baya kika gano harshenta ya mutu? Wai ki yi a ɗakin baya. Wai ita ta huta. Ashe har an fara raba kujerar Emama tana zaune a kanta.

Alganesh kuwa na san ta tun ina goye. Ta daɗe tana yi wa ƙanwarta kwaɗayin watan Tir, don lokacin ne hatsi yake cike da rumbu, kowa yake da sakin fuska. Ta samu kunnen da zai saurare ta a wurin niƙa, shi ke nan. Mutanen da suka zubar a bayan danga kuma, wa ya sani ko cikinsu ne ya cika.

Ba zan rubuto miki awo ba. Awon na Emama ne, tana da rai, tana da baki. In koyo kike so, ki durƙusa ki tambaye ta kamar yadda na yi. Ni sai da na shekara biyu ina wanke randa da ganyen shuwaka ina turara ta da itacen zaitun kafin ta bar ni na taɓa gesho.

Nan aiki ya yi yawa, tsohuwar gidan ta karye a ƙugu, ni ke ɗaga ta ni ke kwantar da ita. Ki ce wa Emama ina nan tafe, in ba Kirsimeti ba to kafin bikin.

Tiruwark

*

Dejen, 2 ga Hidar

Etiye Tiruwark,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jinyar tsohuwa. Mu lafiya, sai ƙaramar da ta yi tari ta warke.

Takardarki ta ƙona mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Na zauna a bayan ɗaki na yi kuka har Asmamaw ya bar keke ya fito. Da na ba shi ya karanta sai ya ce, "Ai kin san Etiye, bakinta ya riga tunaninta tashi. Rabu da ita." Ban rabu da ke ba, ga shi ina rubutu.

Kujerar me zan karɓa? Ni da ko sunana babu a ƙungiyar? In da kin ga yadda Emama take leƙa kofin kowa tana murmushi tana cewa "a ƙara muku?", su kuma suna rufe bakin kofi da tafin hannu, da ba ki rubuto mini haka ba. Ina son matar nan, Etiye. Ranar da na haihu ita ta riƙe ni, uwata ba ta iso ba sai da aka yanke cibi.

Tun da kin hana, na gwada da kaina. Na tambayi maƙwabciyarmu Enatnesh awonta, na ninka shi uku, na ari wata ƙatuwar randa a gidan mai niƙa na kai gidan Enatnesh muka haɗa a ɓoye. Kwana biyu randar ta ɗau zafi kamar mai zazzaɓi, tana kumfa tana tsaki. Kwana na huɗu muka buɗe, tsami ya buge mu har ƙofa. Ko jakin Enatnesh ya sunsuna ya juya. Sha'ir ɗin da na yi wata guda ina tsirarwa a ɓoye ya tafi a banza.

Don haka ki kwantar da hankalinki, ko ina so ba zan iya ƙwace komai ba. Saura wata biyu da 'yan kwanaki. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki taimaki uwarki.

Wubalem

*

Dejen, 27 ga Hidar

Etiye,

Gaisuwa. Muna lafiya. Kullum sai Asmamaw ya biya gidan waya, kullum ya dawo hannu wofi. Ko takardata ba ta iso ba ne, ko ke ce ba ki huce ba?

Na bi maganarki. Na durƙusa na ce Emama ta koya mini. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sai yanzu? Tashi ɗauko shuwaka." Ta yi randa ɗaya ta bikin Mika'ilu, ina tsaye a kanta daga farko har ƙarshe. Zan faɗa miki abin da na gani, ke ki yanke hukunci.

Hannunta ba ya rawa. Hancinta kuwa ya fi nawa. Ta sunsuna tsiro ta ware wani tafi guda ta ce ya yi fumfuna, ni ban ji komai ba. Ta sa kai cikin randa ta ce hayaƙin zaitun bai kama ba, in sake. Gurasar da na toya ta karya ta ɗanɗana ta ce wuta ta yi mata yawa a gefe ɗaya, kuma gaskiyarta. Har na fara cewa a raina ko ni da Alganesh ne harshenmu ya lalace.

Sai aka zo gesho. Inda Enatnesh take zuba kwano ɗaya na dakakken ganye, Emama ta zuba uku. Bayan kwana uku ta kawo dakakken itacensa ta ƙara, washegari ta sake ƙarawa. Na ce, "Emama, bai yi yawa ba?" Ta ce, "Ke dai miƙo." Ruwa kuma ta rage tulu guda cur. Da ta zo rufewa ta liƙe bakin da laka, ta bari ya sha iska, ta sake liƙa wata a kai, sannan ta sa muka ja randar can kusurwar da rana ba ta kaiwa. Ranar da aka buɗe ta kurɓa, ita ma sai da ta yamutsa fuska, amma ta ce, "Yauwa. Haka nake so."

Ta ji ɗacin, Etiye. Da gangan take yi. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Yanzu kullum tana bakin turmi tana dakan gesho na randa goma a kan wannan awon. Buhu biyu sun cika, tana kan na uku. Ran biyar ga Tir za ta jiƙa. In kin yi shiru har lokacin, to shi ke nan.

Wubalem

*

Beirut, 16 ga Tahsas

Wube, ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da kowa. Lafiyata ƙalau, sai dai kwana biyu ke nan abinci ya ƙi shiga.

Ki yafe mini. Takardarki ta biyu ga Hidar ta iso tuntuni, na karanta na cusa ta ƙarƙashin katifa don girman kai. Ta bayanta ce ta zo shekaranjiya, na karanta ta a tsaye a ɗakin wanki, sai da na nemi wuri na zauna. Na zage ki a kan abin da ni na jawo.

Ganye kwano uku, itace sau biyu, a rage ruwa, a liƙe baki ninki biyu. Na san giyar nan. Ba ki zo gidan ba lokacin, Asmamaw ma yana rarrafe. Ababa, mahaifinmu, yana fatauci da alfadarai zuwa Metemma, in ya tafi ba a san ko wata ɗaya zai yi ko uku ba. Tella mai daɗi kwana goma take yi ta mutu. Ita kuwa Emama ba ta yarda mai gida ya sauka daga tafiya ya tarar da randa a bushe ba. Sai ta riƙa yin wannan, don gesho yana hana ta lalacewa, takan kai wata uku da ranta. Ba don baƙi ake yin ta ba, ta jiran wanda ke kan hanya ce. Tun da Ababa ya rasu ban sake ganin ta yi ta ba.

Ki ƙirga, Wube. Kin ce Tir ɗin bara abin ya fara. Wata ɗaya kafin nan shekaruna biyu suka cika a nan, kuma tun daga lokacin babu takardar da na aiko ban ce ina tafe ba.

Ba na tafe. Ranar da wa'adina ya cika na sa hannu a kan wasu shekara uku, kuma fasfona yana hannun uwar gidan. Dalilin ba sai na faɗa miki ba, kina kwana a ƙarƙashin kwanon rufin da kuɗin aikina ya saya. Na kasa faɗa wa Emama. Wace 'ya ce take buɗe baki ta ce wa uwarta ba zan zo ba? Na ɗauka "ina tafe" magana ce mai sanyi da za ta riƙa jin daɗi da ita. Ban san a randa take zuba ta ba.

Kin tambayi yadda ake kai ɗaya goma, ga shi, hakkinki ne. Kada ki sake neman ƙatuwar randa, cikinta zafi yake tarawa ya dafa kansa, abin da ya kashe taku ke nan. Randuna goma madaidaita, kowace da awonta. Kada a jiƙa su rana ɗaya, biyar yau, biyar jibi, don ta ƙarshe ta kai yamma da ranta. A ɗaga su daga ƙasa a kan duwatsu, a bar tsakani yadda mutum zai wuce. Amma duk wannan ta fi ni sani, sha huɗu ta yi ranar aurenku, kina lulluɓe ba ki gani ba. Ki bar mata randunanta, kada ki yi komai a ɗakin baya.

Akwai wata takarda a cikin wannan. Ki karanta mata kafin ta jiƙa. Ki karanta yadda na rubuta, kada ki sassauta ko kalma ɗaya, na san halinki. Na so in bar ta da begenta, ko da za a karɓe watan. Na kwana biyu ina auna su, na ga in aka kunyata ta a gaban ƙauyuka uku saboda ƙaryata, ba zan iya ɗauka ba.

Yayarki,
Tiruwark

*

Emama,

Na durƙusa na sumbaci gwiwarki. Ina lafiya, ina ci, ina sha, ina zuwa coci in an bar ni.

Emama, ba zan zo bikin Tir ba. Ba zan zo Ista ba. Na ƙara shekara uku tun bara, ɗaya ta wuce, saura biyu. Duk lokacin da na ce miki ina tafe, na san ba na tafe. Kunyarki na ji, da tsoron kada ki yi kuka ba na kusa. Na yi miki laifi, ki yafe mini.

Kada ki ajiye mini komai. Ki yi wa mutanen Maryamu irin wadda kika saba, wadda ake sha a ranar a tashi ana waƙa. In lokacina ya yi zan aiko miki da rana da wata, ba zan ce komai ba sai tikiti yana hannuna.

'Yarki,
Tiruwark

*

Dejen, 3 ga Yekatit

Etiye Tiruwark,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu lafiya, sai gajiyar biki da har yanzu ba ta sake mu ba. Zancen yafiya kuma ki bar shi, ya wuce.

Takardarki ta iso ran uku ga Tir, saura kwana biyu a jiƙa. Na kai ta ɗaki na ɓoye, na fito, na koma na ɗauko. Emama tana tsakar gida tana tankaɗe. Na ce, "Emama, Etiye ta aiko." Ta ajiye rariya ta goge hannu ta gyara zama. Na karanta yadda kika ce, ban tsallake komai ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sake karanta wurin shekarun." Na sake. Ta ce, "Biyu." Na ce biyu. Can ta ce, "Ta ce tana ci?" Na ce haka kika rubuta. Ta gyaɗa kai, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga inda buhunan gesho suke. Ta ja ɗaya gefe. Ta ce, "Kira Enatnesh da sauran, kowa ta zo da kwarya ta ɗiba a cikin biyun nan, kada su lalace."

Daga nan kuma sai ki ce ba ita ba. Ta tara mata shida ta riƙa juya mu kamar sojoji. "Wube, wannan wankin randa ne ko shafa mata mai kike yi?" "Enatnesh, in kin ƙona mini gurasa ke za ki cinye ta!" Biyar ran biyar ga wata, biyar bayan kwana biyu, a kan duwatsu, ban ma buɗe baki na faɗi naki ba. Gesho kwano ɗaya ɗaya, da hannunta ta auna.

Ranar biki mutane har kan danga. Na tsaya ina kallon Abba. Ya kurɓa, ya tsaya, ya kafa kai ya shanye, ya miƙa kofi. Sau uku ya miƙa, na huɗu matarsa ta harare shi. Wani tsoho daga ƙauyen ƙetaren rafi ya ce a nuna masa matar da ta yi, ya cire hula ya gaishe ta. Kafin la'asar randuna goma sun ƙare tas, na zagaya bayan danga na tarar da ƙasa a bushe. Da za a ɗauki tukunya zuwa gida na gaba, Uwargida Alganesh ta miƙe a gaban kowa ta ce watan Tir na Bizunesh ne muddin tana numfashi. Mata suka ɗau guɗa. Emama ta sunkuyar da kai ta yi godiya kamar yadda ake yi.

Kowa yana cewa hannun Emama ya dawo, har ana yi mini barka. Ina amsawa, amma raina ba daɗi. Ki riƙa rubuto mata, ko babu labari.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, don kada in ƙara miki nauyi. Tun bara, kullum in la'asar ta yi, lokacin isowar motar Addis Ababa, Emama takan yafa mayafi ta ce za ta sayo gishiri. Ta je ta tsaya a shagon bakin tasha har fasinja su gama sauka, sannan ta sayi ƙulli ɗaya ta dawo. Gishiri ya cika mana tukwane biyu, ba wanda ya taɓa ce mata akwai. Tun ranar da na karanta mata takardarki ba ta sake fita ba. Jiya da motar ta yi oda daga kan tudu na ɗaga kai na dube ta. Tana tsintar wake a faifai, ko juyawa ba ta yi ba.

Taki,
Wubalem